DAFIN DA WUTA BA TA KASHEWA

Darasi a kan gansakuka, da ƙumba, da ruwan sha

Jama'a, kun daɗe kuna jin malaman asibiti suna cewa a tafasa ruwan sha, a dafa abinci ya nuna sosai. Wannan magana gaskiya ce, kada kowa ya bar ta. Wuta tana kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot da na atuni. Manya kuma ba su manta da ciwon kurkunu ba, yadda ya kan kwantar da magidanci da damina har gonarsa ta cika da ciyawa. Da tace ruwa da ƙyalle da gina rijiyoyin kirki aka kore shi. Tun shekarar 2008 ba a sake samun mai kurkunu a Nijeriya ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar nan ta rabu da shi.

Amma akwai wani abu guda cikin ruwa wanda tafasa ba ta kashewa, ƙyalle kuma ba ya tarewa. Wannan abu dafi ne, ba shi da rai balle ya mutu in ya ji zafi. Kowa ya sani in maganin ɓera ya faɗa cikin tukunya, ko an wuni ana hura wuta yana nan. To, haka wannan dafi ya ke. Wata irin gansakuka ce ke yin sa, a teku da tafki duka. Wannan darasi zai gaya muku inda ya ke fitowa, da yadda ya ke shiga abinci, da ciwon da ya ke kawowa, da abin da kowane gida zai yi ya tsare kansa.

MECE CE GANSAKUKA MAI DAFI?

Kowa ya san gansakuka, koren abin nan da ke fitowa a bakin rijiya da gindin randa da kan ruwan da ya daɗe kwance. Irinta yana da yawa. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda a ke iya ɗagawa da sanda. Akwai kuma wadda ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin guda ɗaya sai da madubin likita. Suna yawo cikin ruwa, suna rayuwa da hasken rana kamar tsiro. Yawancinsu ba su da laifi, su ne ma abincin 'ya'yan kifi. Kaɗan daga cikinsu ne ke yin dafi a jikinsu.

Muddin ƙwayoyin nan ba su da yawa, ba abin damuwa. Amma in abu uku suka haɗu, su kan hayayyafa cikin 'yan kwanaki har ruwa ya sake launi. Na ɗaya zafi da hasken rana. Na biyu ruwan da ba ya motsi. Na uku taki. Abin da ke sa gero ya yi kyau a gona, shi ne ke sa gansakuka ta yi yawa a ruwa: takin zamani, da kashin dabbobi, da bayan gida, da ruwan wanki. A teku ruwan ya kan yi ja ko ruwan ƙasa, mutanen bakin teku su ce jan ruwa ya zo. A tafki kuwa kore ya kan yi.

YADDA DAFI KE SHIGA ƘUMBA

Wanda ya saba zuwa bakin gulbi ya san ƙumba, abin nan mai ɓawo biyu kamar an haɗa tafin hannu, wadda mata ke kankare tukunya da ɓawonta, ana ce masa makankari. A teku akwai danginta iri-iri, manya da ƙanana. Mutanen bakin teku suna cin namansu, a miya ko a gashe, abinci ne kuwa mai gina jiki in yana da kyau.

Ƙumba ba ta farauta. Wuri ɗaya ta ke zama, ta buɗe ɓawo, ta zuƙo ruwa, ta tace shi kamar rariya, ta riƙe ƙananan ƙwayoyin da ke ciki ta ci, ta fitar da ruwan. Babba ɗaya ta kan tace abin da ya kai jarka guda ko fiye a yini. Saboda haka in gansakuka mai dafi ta yi yawa, abin da ke warwatse cikin ruwa mai yawa sai ya taru cikin ɗan naman da bai wuce loma ɗaya ba. Ita ƙumbar sau da yawa dafin ba ya yi mata kome. Wanda ya ci ta shi ke kwana a ciki.

Ga abu huɗu da ya kamata a riƙe:

1. Ƙumba mai dafi ba ta sake kama, ba ta wari, ba ta ɗaci. Ido da hanci da harshe ba su iya rabe ta da mai kyau.

2. Dafawa da suya da gashi da banda da shanyawa da sa ƙanƙara, duk ba su kashe dafin. Gishiri da yaji da lemon tsami ma haka.

3. In an dafa, wani sashi na dafin ya kan fita ya shiga romo. Wanda ya sha romo kaɗai ma bai tsira ba.

4. Ko ruwa ya washe, dafin ya kan zauna a jikin ƙumba makonni. Akwai wata iri a Alaska, can arewacin Amurka, da ta kan riƙe shi har shekara 2.

CIWO IRI UKU

Na farko shi ne mai shanye jiki, shi ne kuwa mafi kisa. Likitoci suna kiran dafinsa saksitoksin. Yana tare hanyar da jijiya ke kai saƙo ga tsoka, sai tsoka ta daina motsi. Abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba ya isa ya kashe babban mutum. Cikin kamar rabin sa'a da ci, mutum zai ji leɓe da harshe suna tsitsiniya kamar tururuwa na tafiya, sa'an nan su mutu. Daga nan abin ya sauka yatsu da hannuwa da ƙafafu. Sai jiri, da tangaɗi, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. In dafin ya yi yawa, tsokar numfashi ta kan tsaya cikin sa'a 2 zuwa 12.

Ciwon nan tsoho ne. A 1793 ma'aikatan jirgin ruwan wani Baturen Ingila, Kyaftin George Vancouver, suka ci ƙumba a gaɓar yamma ta Kanada, suka kamu, ɗaya ya mutu. A 1927, kusa da San Faransisko a Amurka, mutum 102 suka kamu, 6 suka mutu. Bayan wannan ne masana suka bi sawu har suka gano ƙwayoyin ruwa ne asalin abin. A 1987, a gaɓar Champerico ta ƙasar Gwatamala, mutum 187 suka kamu, 26 suka mutu. Yawancinsu a miya suka ci, dafaffiya. Ku lura da wannan: cikin yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka kamu, rabi suka mutu, cikin manya kuwa 7 cikin 100. Yaro ba ya ɗaukar abin da babba ke ɗauka.

Na biyu shi ne mai ɗauke tunani. Sunan dafinsa domoyik. A ƙarshen 1987 aka fara gane shi, sa'ad da mutum fiye da 100 suka kamu a Kanada bayan sun ci ƙumbar da aka kiwata a tsibirin Prince Edward. Aƙalla 3 suka mutu, dukansu tsofaffi. Ya kan fara da amai da gudawa da murɗar ciki cikin yini guda. Sa'an nan ciwon kai mai tsanani, da ruɗewa, wasu har da farfaɗiya. Wasu daga cikin waɗanda suka tashi sun daina riƙe sabon abu: a gaya musu magana yanzu, an jima kaɗan ta ɓace. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda su suka fi wahala da shi, gama ƙoda ce ke fitar da dafin daga jiki.

Na uku shi ne mai sa gudawa. A Japan aka gano asalinsa wajen 1976. Gudawa da amai da ciwon ciki su kan fara cikin rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i, su wuce cikin kwana 3. Bai cika kisa ba, amma gudawa ko ta mene ne tana iya ƙarar da ruwan jikin yaro.

Duk ukun nan ba su da makari. Babu allura, babu ƙwaya, babu sassaƙe da ke karya su. Aikin likita shi ne ya riƙe ran majinyaci har jiki ya fitar da dafin da kansa.

GARGAƊI GA MASU TAFIYA KUDU

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Bodinga ko Shagari da teku, ga shi tsakaninmu da ita tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota? To, ku ƙidaya gidajen unguwarku. Gida nawa ne ba shi da ɗa ko ƙane da ke cin rani ko fatauci a Ikko, watau Legas, ko Fatakwal, ko Warri, ko Kalaba, ko Kwatano? Masu kai albasa da shanu da tumaki kullum suna kan hanya. Baƙo kuwa bai san ruwan garin da ya sauka ba. Ɗan gari ya san lokacin da a ke barin ƙumba, baƙo sai dai ya ga araha ya saya.

A wasu ƙasashe hukuma tana gwada ƙumba a kai a kai, in dafi ya wuce ƙa'ida ta rufe wurin. A jihar Kalifoniya ta Amurka, kowace shekara daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba an hana mutane tsintar wata irin ƙumba a bakin teku don ci. Mai saye a bakin hanya ba shi da mai gwada masa, saboda haka sai ya kiyaye da kansa:

1. Kada ka tsinci ƙumba da kanka a gaɓar da ba ka sani ba.

2. In ruwan teku ya yi ja ko ruwan ƙasa, ko ka ga matattun kifi da tsuntsaye a gaɓa, ko ka ji hukuma ta yi gargaɗi, kada ka ci ƙumba ko danginta, ko a dafe, ko kyauta aka ba ka.

3. Kada ka ba yaro ko tsoho ko mai ciki ƙumbar da ba ka san inda aka kamo ta ba.

4. Kifi da ƙaguwa da jatan lande ba su cika tara dafin a tsoka ba, a kayan ciki ya kan taru. A cire kayan ciki a yar kafin a dafa. Kifin ƙanƙara da a ke kawo mana kasuwa ma haka za a yi masa.

5. In ka ci, ka ji leɓenka na tsitsiniya, ka tafi asibiti nan take. Kada ka jira gari ya waye.

RUWANMU NA GIDA

Yanzu mu dawo gida, gama a nan ne abin ya fi kusa da mu. Ruwan daɗi ma yana da tasa gansakuka mai dafi. Wata tana yin irin dafin nan mai shanye jiki. Wadda ta fi yawa kuwa tana yin dafin da ke cin hanta, ana kiransa maikurosistin. Ƙumbar gulbi tana tara shi kamar yadda ta teku ke yi, kifi kuma yana tara shi a hanta da hanji. Amma babbar ƙofarsa ita ce sha.

Ku dubi ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce awo 40. Gulabe su kan yanke su bar ruwa kwance nan da can. Tafkuna da kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini su kan ja baya. Ga manyan madatsun ruwa, ta Bakolori da aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da ta Goronyo a kan gulbin Rima, da tamu ta Shagari. Sun kawo noman rani da kifi da ruwan dabbobi, alheri ne babba. Amma kowane ruwan da aka tsayar, aka kewaye shi da gonaki masu taki da garken dabbobi, abu ukun nan da muka faɗa suna iya haɗuwa a cikinsa. Ƙaramin ruwa marar zurfi shi ya fi saurin lalacewa.

Ga abin da ya faru a wasu wurare. A 1878, a tafkin Alexandrina na ƙasar Ostareliya, tumaki da shanu da dawaki da karnuka suka sha koren ruwa suka mutu, tumaki cikin 'yan sa'o'i. A 1966 wani likita a birnin Harare na Zimbabuwe, lokacin ana kiransa Salisbury, ya ba da labarin yaran wani sashi na gari da ke kamuwa da amai da gudawa kowace shekara daidai lokacin da gansakuka ke ruɓewa a madatsar da su ke sha, yaran da ke shan wani ruwa dabam kuwa suna lafiya. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, ruwa mai dafin nan ya shiga na'urar wankin ƙoda a wani asibiti, majinyata fiye da 50 suka mutu, hantarsu ta lalace. A Agusta 2014, a birnin Toledo na Amurka, aka hana mutum fiye da 400,000 shan ruwan famfo kusan kwana 3, aka kuma gaya musu kada su tafasa. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin gansakuka ne a mashayarsu. Abin da ya ka da giwa, me zai yi wa ɗan akuya?

Don me aka ce kada a tafasa? Domin zafi yana fasa ƙwayoyin gansakuka, dafin da ke ƙunshe a ciki ya fito ya narke cikin ruwa. Sa'an nan ruwa ya ragu da tururi, dafi kuwa bai ragu ba, sai ya ƙara kauri. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka iyakar abin da za a yarda da shi na dafin hanta cikin ruwan sha na kullum. In an kwatanta, giram ɗaya ne, kamar nauyin ƙwayar gyaɗa biyu, cikin jarka 40,000 mai lita 25. Kun ga ɗan kaɗan ma ba abin raini ba ne. Masana suna gargaɗi cewa shan kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana raunana hanta, balle ga wanda dama yana da ciwon hanta.

YADDA ZA A GANE RUWAN

Ruwa mai irin wannan gansakuka ya kan yi kamar miyar kuka, ko kamar an zuba koren fenti. Wani lokaci a ga gudaji-gudaji ko kumfa a sama. Iska ta kan kora shi ya taru a gefe ɗaya, wurin nan kuwa shi ya fi dafi, sau da yawa a nan dabbobi ke sa baki. In ya fara ruɓewa ya kan yi shuɗi-shuɗi ko fari-fari, ya bar zane a kan laka, ya yi wari kamar ruɓaɓɓiyar ciyawa. Kainuwa da sauran masu ganye da saiwa ba su cikin wannan magana.

Akwai gwaji biyu da kowa zai iya.

Gwajin sanda. A tsoma doguwar sanda a ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, wannan ba ita ce abin tsoro ba. In ta fito kamar an shafa mata fenti, a guji ruwan.

Gwajin kwalba. A ɗebi ruwan a farar kwalba, a sa leda a hannu kada ya taɓa fata. A ajiye a wuri mai sanyi da duhu inda yara ba su kaiwa, a bar ta ta kwana ba a taɓa ba. In koren ya kwanta ƙasa, da sauƙi. In ya taso sama ya yi zobe, irin mai dafin ce.

Gwajin nan ba su auna dafi, sai ɗakin gwaji ke iya wannan. Suna nuna irin gansakukar ne kawai. In kuna shakka, ku bar ruwan.

DOKOKIN GIDA

1. Kada a sha koren ruwa, kada a yi girki ko kunu ko fura da shi, ko an tafasa. Jariri shi ya fi kowa haɗari.

2. Alam da ƙyalle su kan rage laka da gudaji, amma ba su fitar da dafin da ya riga ya narke. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya yi kyau ba.

3. A ɗebi ruwan sha a burtsatse ko rijiya mai murfi. In babu sai tafki, a haƙa 'yar rijiya nesa da bakinsa, ruwa ya tsattsafo ta cikin yashi, gama yashi da ƙasa suna rage dafin ƙwarai. Wannan ruwa a tafasa shi saboda sauran ƙwayoyin cuta.

4. Kada a yi wanka ko alwala da koren ruwa, gama yana shiga baki da hanci da ido. A hana yara iyo a ciki. Wanda ya shiga, ya wanke jiki da ruwa mai kyau da sabulu.

5. Kada a ci ƙumbar da aka ɗebo daga irin wannan ruwa. Kifin da aka kama da rai, a cire hanta da hanji da duk kayan ciki a binne, a wanke tsokar da ruwa mai kyau. Kifin da aka tsinta matacce kada a ci, kada a banda shi a kai kasuwa.

6. Latas da tumatir da duk abin da a ke ci ɗanye, in da ruwan tafki aka yi ban ruwa, a wanke su da ruwa mai kyau.

7. Kada a kai dabbobi mashayar da ta yi kore. Dabbar da ta sha dafi ta kan yi rawar jiki, da tangaɗi, da dalala, da gudawa, wata a wayi gari a tarar da ita a bakin ruwa. Wadda ta tashi, fatarta ta kan sale a rana, musamman inda gashi ya ke fari. A ajiye ta a inuwa, a kira malamin dabbobi. Kada a ci naman wadda ta kamu, balle hantarta.

IN WANI YA KAMU

Wanda koren ruwa ya taɓa, ya kan ji ƙaiƙayi, ido ya yi ja, maƙogwaro ya yi ciwo. Wanda ya sha, sai ciwon ciki da amai da gudawa da ciwon kai. A ba shi ruwan gishiri da sukari, irin na ƙunshi da a ke samu a asibiti. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita ɗaya ta ruwa mai kyau. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In ido ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko yaro ya yi laushi ya ƙi sha, a kai shi asibiti ran nan. Ku gaya mana ruwan da ya sha, gama alamun suna kama da na wasu cututtuka. Fitsarin jini kuwa yawanci tsargiya ce, tana da maganinta dabam.

Wanda leɓensa ko harshensa ya mutu, ko jikinsa ya fara saki, bayan ya ci ƙumba ko ya sha koren ruwa, ga abin da za a yi:

1. A nemi mota nan da nan, a kai shi asibiti mafi kusa. In numfashi ya fara wuya, wurinsa Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda a ke kula da masu irin wannan hali.

2. Duk wanda ya ci tare da shi ya bi, ko yana jin lafiya. A tafi da sauran abincin.

3. Kada a ɗura masa madara ko manja ko tsamiya ko jiƙo, kada kuma a sa shi amai. Maƙogwaronsa ba ya aiki, abin zai faɗa huhu.

4. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga, kada a bar shi shi kaɗai.

5. In numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki har ƙirji ya tashi, sau 10 zuwa 12 a minti. In mai hurawa ya gaji wani ya karɓa. Kada a tsaya, ko a cikin mota.

Ku riƙe wannan da kyau. Mai irin wannan ciwo ya kan kwanta ba motsi, ba magana, kamar ya cika, alhali zuciyarsa tana bugawa, wani ma yana jin duk abin da a ke faɗa. Kada a yi gaggawar rufe shi da zane. In aka riƙe masa numfashi har ya kai sa'a 24, yawanci ya kan warke sarai, ya tashi ya ci gaba da harkarsa.

AIKIN GARI DUKA

Tafki na kowa ne, gida ɗaya ba ya iya tsare shi. Wanda ya fara ganin ruwa ya sake, ko ya ga kifi ko dabbobi sun mutu a bakinsa, ya gaya wa mai unguwa ko hakimi, su kuma su sanar da duba-gari da malamin asibiti da malamin dabbobi. A yi shela a masallaci da kasuwa. A gaya wa sarkin ruwa saboda masunta, a gaya wa arɗo saboda makiyaya, har baƙi masu wucewa da garke. Ko koren ya ɓace, a dakata aƙalla mako 2 kafin a koma, gama sa'ad da gansakuka ke mutuwa ne ta ke sakin dafinta.

Hanyar hana ta kuwa ita ce a hana ta abinci. A gina masai nesa da ruwa, a daina bayan gida a bakin tafki. A raba mashayar dabbobi da wurin ɗiban mutane, in da hali a ɗebo musu a kwami. Kada a tara taki a gangaren da ke zuba cikin ruwa. Manomin fadama ya sa takin zamani daidai gwargwado, gama abin da ya wuce bukatar shuka ruwa ke kwashewa, ga hasarar kuɗi ga ɓata tafki. A bar ciyawa da itatuwa a gefen ruwa su tare abin da ke gangarowa. Rigakafi ya fi magani, balle ga ciwon da ba shi da makari.

TAMBAYOYI

Mai karatu ya karanta wa mutanen gida, sa'an nan ya tambaye su:

1. Wane abu uku ne ke sa gansakuka ta yi yawa?

2. Don me ƙumba ta fi kifi tara dafi?

3. In an dafa ƙumba mai dafi, romonta yana da kyau?

4. Mece ce alama ta farko ta ciwon shanyewar jiki?

5. Don me ba a tafasa koren ruwa a sha? Wane ruwa ne za a ci gaba da tafasawa?

6. In numfashin majinyaci ya tsaya, me za a yi?

7. Wa za a gaya wa in tafkin gari ya yi kore?

Ku ajiye wannan takarda inda ba za ta lalace ba. Ku sake karanta ta in bazara ta gabato, ku karanta wa duk wanda ke shirin tafiya Kudu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.